Kiran da Na Yi wa Hajo

Kwana huɗu da mayar da tuƙi hannun dama, cikin zafin watan Afrilun 1972, na tsallaka titin Kankia a guje na bar yayata Hajo a wancan gefe, ƙwaryar dawo a kanta. Da hantsi muka taso daga Fakuwa, bayan ta gama daka, ni kuma na ɗaure awaki a gindin gawo na zuba masu harawa. Shekarata tara, tata sha huɗu. Ita ta koya mani carafke a ɓoye don kada samari su yi mani dariya, ita ke cire mani ƙaya in mun dawo daga itace. Da na ga ta tsaya tana jinkiri sai na ɗaga murya: "Yaya, taho mana, ba komi." Ta duba dama, yadda Inna ta hore mu tun muna ƙanana, ta sa ƙafa. Motar gyaɗa kuwa daga hagu ta fito.

Gidanmu ya cika da masu gaisuwa har daga Kusada, kowa na cewa kwananta ne ya ƙare. Ba wanda ya san na kira ta. Bayan sadakar bakwai na sami Malam Isiyaku, limaminmu da ke karantar da mu siffofin Allah, shi kaɗai a zaure. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, ka ce Allah na iya komi?" Ya ce ƙwarai, zai ma tashe ta ranar ƙiyama. Na ce ba wannan nake nufi ba, na faɗa mashi abin da na yi, na ce, "Yana iya sa ya zama ban kira ta ba?" Ya daɗe yana shafa buzunsa kafin ya ce, "Ɗana, ikon Allah ba ya da iyaka. Amma abin da ya auku a ce bai auku ba, wannan ba abu ba ne, balle iko ya rataya da shi." Na so ya mare ni, ya ce na yi saɓo; da na ci gaba da roƙon Allah ya sa ya zama ban kira ta ba. Daga ranar na daina. Inna ta kai ƙwaryar Hajo da ta fashe wurin gyartai aka ɗinke, muka ci gaba da shan fura a cikinta, leɓena yana jin ɗinkin.

Na yi yawo bayan haka. A Alƙahira na ji ɗalibai na gardama da Larabci ko Allah zai iya halittar dutsen da ba zai iya ɗagawa ba. A Yamai na ji ta da Faransanci, ana shan shayi ana dariya. Ban taɓa sa baki ba. Amsar Malam ta fi tasu, kuma har yau ban sami kuskure a cikinta ba. A Landan, inda har yanzu suke tuƙi a hannun hagu, an rubuta a kan kwalta gefen da mai tsallakawa zai duba. Na tsaya a kan rubutun har aka fara ture ni.

Yanzu 'yan matan Kankia hagu suke fara dubawa ba tare da wani ya tuna masu ba, Inna da Malam kuwa sun daɗe a ƙasa. Ina sa rai Allah ya gafarta mani, ina sa ran ganin Hajo. Amma ko a Aljanna, ni ne na kira ta.