Mikiron jitar ɗana na fari

Kunne nawa ne. Wanga ko maƙiyina a Tajaye ba ya musu. Ban taɓa zama lakwal, makarantar boko, ba, amma tun ina budurwa in na buɗe baki da tatsuniya nakan yi muryar kura, in yi ta tsohon makaho, in yi ta amarya mai kuka, kuma ba a taɓa cewa na haɗa wata da wata ba. Murya gida uku gare ta: akwai ta kai, akwai ta ciki, akwai ta ƙirji a tsakaninsu. Mutum da ƙirjinsa shike magana. Sauran ado ne.

Ɗana na fari makaɗin jita ne, irin mai waya wadda ake haɗawa da amfili, akwatin ƙara sauti. Wajen makiyaya masu jin Tamajaq ya koya, har anka san shi a bukukuwan Illela da Malbaza. Ni ban taɓa ganin shi shina kaɗawa ba. Mu nan mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta zama ta zuba mishi ido, balle ta yabe shi. In ya ɗauko jitar a zaure, sai in sami aikin da zai kai ni gindin bango, in zauna ina tsintar wake. Ta bayan bango na san kiɗinsa kaf. Ya tafi cin rani Abijan wata shekara, zazzaɓi ya kama shi can, can anka rufe shi. Ban ga gawa ba, ban san kabarin ba. Jitar ce ya bari a rataye.

Ta daɗe a ɗakina cikin zane. Sai abokinsa, wanda sunka yi yawon biki tare, ya zo ya durƙusa ya roƙi in ba shi ita, akwai wani aure a Illela. Da sunka gwada, ta yi ta kuka da tsuwa. Mijin ɗiyata mai gyaran rediyo ne a kasuwar Konni, shi ya duba ya ce mikiro ne ya tsufa. Mikiro shi ne ɗan ƙarfen nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya, maganaɗisu ne anka naɗe da siririyar waya, shi ke ɗaukar sauti ya kai amfili. Ya ce sai an canza. Na ce a canza, amma da sharaɗi: wanda za a sa sai ya yi muryar mai ita, kuma ni za ni zaɓa. In babu, jitar ta koma zanenta.

Ranar da anka sa, bayan la'asar, mijin ɗiyata ya zo da mikiro uku a aljihu da batirin mota bisa babur. To surukina ne, ba mu zama ido da ido, ba ma doguwar magana. Shi da abokin ɗana sunka baje kayansu a tsakar gida, ni na zauna bayan zana, ɗiyata tana kai da kawowa da saƙo. Tana ta yi mini dariya, wai yau tsohuwa ta zama alƙalin samari, saura a saya mini tabarau da rawani. Na ce ta bar surutu ta buɗe kunne, ko ta koyi wani abu kafin in mutu.

Na farko ɗan China ne, daga Sakkwato anka sayo shi, sabo fil. Surukin ya faɗi sunan kamfanin, ban riƙe ba. Abokin ya kaɗa, sai na ji awa ana buga cokali a tasa. Duk kai ne. Akwai ɗan ciki can ƙasa, amma tsakiya fayau, babu kowa a gidan. Na ce a cire. Surukin ya aiko cewa samarin yanzu shi suke so don shina ratsa hayaniyar biki. Na ce samarin yanzu ba su haifi kowa ba.

Kowane canji sai ya kwance tsirkiya ya narka dalma, ina jin warinta ta cikin zana. Na biyu mai layi biyu ne, ƙato, wai ba ya tsuwa ko kaɗan. Gaskiya ne, ba ya yi. Amma ciki ne zalla, awa motar siminti ta ɗauko kaya daga Malbaza tana hawan tudu. Tsirkiya shida sunka zama ɗaya, kana jin nauyi ba ka jin magana. Ɗana ba haka shike ba, kowace tsirkiya tashi takan faɗi nata.

Na uku tsoho ne, wani ya ciro shi daga jitar da ta karye a Agadas. Da abokin ya taɓa, na aje waken da ke hannuna. Akwai ƙirji. Akwai ɗan hanci-hanci a ciki, irin na mutumin da ya tashi daga barci shina gaida mutane. Kai bai yi tsini ba, ciki bai danne ba. Ban nuna komi ba. Na ce wanga ya yi kusa, in akwai wani a ƙara.

Anka daɗe ana kwancewa da ɗaurewa. Sannan anka kaɗa na huɗu. Ban ko bari ya kai ƙarshen waƙar ba. Na ce wanga ya fi duka muni, siriri ne, ƙirjinsa a bushe, ga shi da rawar murya. Na faɗa da ƙarfi har sunka ji ba sai an kai saƙo ba.

Ɗiyata ta zagayo, ba dariya. Ta tsuguna kusa da ni.

"Inna, uku ɗai ya kawo. Wanga shi ne na yaya. Goge shi ya yi ya mayar, don ki auna da shi. Kunya ta hana shi aiko miki."

Na ce a sake kaɗawa. Anka sake. Na rufe ido, na jingina da zana, na nemi ɗana a ciki. Ban same shi ba. Na ce a sake, anka sake, har abokin ya tsaya da kansa.

Ina da abin cewa, kuma na ce. A da bangon ƙasa ne tsakanina da shi, yau zana ce. Hannun ma ba nashi ba ne. Ƙarfen ya sha tsatsa a ɗaki. Surukina ya aiko cewa duk gaskiya ne, Inna ta fi shi sani. Yaro mai ladabi. Amma ni na san abin da na ji: na uku ne ya tayar mini da tsigar jiki, ƙarfen wani baƙo wanda ɗana bai taɓa riƙewa ba. Ashe muryar da nike ɗauke da ita shekarun nan ta yi ta sauyawa a cikina, ban ankara ba.

Sunka tambaya wane za a bari. Na ce na uku. Ni na sa sharaɗin, ni na zaɓa, ba ni janye magana.

Ban je Illela ba. Waɗanda sunka je sun dawo suna faɗin cewa da anka fara kiɗi mutane sunka miƙe, wai muryar marigayi ce sak, har wata tsohuwa ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka. Ɗiyata ta zo da murna tana ba ni labari, wai kunnen Inna bai taɓa kuskure ba. Na ce haka ne. Ban gaya mata abin da ke hana ni cin tuwona ba: ko dai na zaɓa daidai, ko kuwa gaba ɗayanmu mun manta shi tare.