Littafin Mushe Idi

"Jiya ina ka tsaya? Faɗa mini in ji, in dai da gaske kana karantawa."

Kullum haka Mushe Idi ke tare ni da mun zauna shan shayin hantsi a buronmu, wato ofishinmu, na Gazawa. Tsohon malamin lakol ne, wato makarantar boko, shi ya sa muke ce masa Mushe, shi ne dattijonmu. Shi ya ara mini wani littafin labari, yana tsokanar mu wai yaran yanzu ba mu san komai ba sai latsa waya. Mu kuma mu ce malanta ce ta bi shi har buro.

Ranar Litinin ya dame ni, ga aiki ya sha mini kai, sai na ce, "Haba Mushe, jarrabawa ce? Kai da ka san ƙarshen labarin!"

Ya daɗe yana juya kofinsa. Can ya ce, "Sani, ban san shi ba. Inda na naɗe shafi a littafin nan, nan idona ya tsaya. Yanar ido ce ta rufe shi. Daga bakinka nake jin sauran."

Na ajiye kofina. Sati uku ina ba shi labari a gurguje, har da tsallake.

Yanzu da an ɗora buta nake buɗe littafin, in karanta da ƙarfi, buro ya yi tsit. Mun koma daidai inda ya naɗe.

In mun gama wannan, wanne za mu karanta masa? Ku ba ni shawara.