Na Rataye Takardar, Na Ajiye Bindigar

Assalamu alaikum. Daga Malanville nake rubuto muku, kusa da gadar da ake tsallakawa zuwa Nijar. Lokacin da abin nan ya faru ni matar aure ce mai yara ƙanana, ban cika fita ba in ba kasuwa ko gaisuwar mutuwa ba. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har na taɓa kwalej kafin in yi aure, don haka a gidanmu ni kaɗai ce mai jin Faransanci. Maigidana manomin shinkafa da albasa ne a Garou. Yana da karatun Alƙur'ani mai kyau, yana jin Dendi da Zarma kamar Hausa, amma Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. 'Yar lakwal yake kirana, ni kuwa sunan yana yi mini daɗi fiye da yadda nake nunawa.

Yana da bindigar farauta mai baki ɗaya, ta mahaifinsa, Allah ya ji ƙansa. Ba bindigar ɓoye ba ce, akwai takardar izini da sunansa da hotonsa. Tsuntsaye yake kora da ita in shinkafa ta nuna, wani lokaci ya harba sama don dorina ta koma ruwa. Ni tsoronta nake ji, amma in yana shafa mata mai sai in zauna ina kallo, ina tambayarsa ta ina wuta ke fita, me ya sa kafaɗa ke ciwo bayan harbi. Ya kan ce wai ni in an bar ni, har mala'ikun kabari sai na yi wa tambaya.

Sai ƙanensa ya are ta zuwa wani biki a Madécali, ya harba don murna, harsashin ya huda kwanon rufin wani maƙwabci. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo, amma mutumin ya kai ƙara. Mun je mun ba da haƙuri, an gyara rufin, mun ɗauka magana ta mutu.

Wata hantsi ina tankaɗe, maigida yana gona, wani jandarma ya tsaya da moto, wato babur, a ƙofar gida. Lokacin ba a haɗe su da 'yan sanda ba tukuna. Mutumin kudu ne, ba Hausa ba Dendi. Ya tambaya ko akwai mai jin Faransanci, na gyara mayafi na amsa masa da Faransancina na kwalej. Na ga ya ji daɗi, har ya ce mini madam. Daga nan ya saki magana da sauri, ko moton bai kashe ba. Abu biyu na kama sosai. Ya ce takardar izinin mijina "suspendu", ya kuma ce bindigar a "déposer". Ya ambaci birgad, wato ofishinsu, na ɗauka yana faɗa mini inda ya fito ne. Ya tambaye ni ko na gane. Wallahi ban gane duka ba, amma maƙwabciyata tana leƙowa ta saman katanga, sai na ce na gane sarai.

Na koma ciki ina juya kalmomin. "Suspendu" na san ta, mushenmu, wato malaminmu na aji, ya koya mana ita da fitilar da aka rataye a rufin ɗaki. "Déposer" kuma ajiyewa ce, kamar yadda ake sauke kaya daga ka. Da fari abin ya ɗaure mini kai, ta yaya za a rataye abu kuma a ajiye shi ƙasa? Can sai na ga ai abu biyu ne: takarda a rataye ta, bindiga a ajiye ta. Har na yaba wa hukuma a zuciyata, na ce sun yi hikima, suna son mai bindiga ya riƙa ganin takardarsa kullum ya tuna amana ce. Na nemo ƙusa na kafa a bango, na sa takardar cikin leda don ƙura, na rataye ta gefen tazbahar maigida. Bindigar na naɗe ta da tsohon zane, na yi bisimilla na tura ƙarƙashin gado.

Da ya dawo na yi masa bayani da ƙarfin zuciya. Ya tsaya yana kallon bangon, ya ce shi tun da yake bai taɓa jin hukuncin da ƙusa ke zartarwa ba. Ya tambaye ni har yaushe, na ce ba a faɗa ba. Ya ce to, 'yar lakwal ta faɗa, shi ina nasa. Ya bi maganata, bai taɓa bindigar ba har shinkafa ta fara nuna.

Sai dorina ta shiga gonakin bakin kogi ta tattake na maƙwabcinsa. Ya ce shi kam takarda ta sha rataya haka nan, hukuma ma ta san an yi biyayya. Ya cire ta daga ƙusa ya sa aljihu, ya ɗaure bindigar a moto ya kama hanyar Garou. A shingen jandarma aka tsai da shi. Daga baya ya gaya mini da fara'arsa ya miƙa takardar, har yana nuna musu hudar ƙusa a ledar don su ga ya cika umarni. Suka duba sunansa, suka sa shi a mota.

Wani mai albasa ne ya kawo mini labari. Na goya ƙaramar ɗiyata na tafi birgad ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na hango maigida zaune a benci ba hula, mutumin da ko ƙofar gida ba ya fita kai sake. Wani dattijon jandarma mai jin Dendi ya gaya mini laifin babba ne: an dakatar da izininsa, an ce ya kawo bindigar, ya ƙi, yau kuma ga shi da ita a hanya. Ya ce irin wannan kotu ake kai shi, kuma ana ɗaure mutum a kai.

Nan na roƙa a kai ni gaban kwamanda. Na ce masa mijina bai ƙi ba, ni aka ba saƙon. Ya ce me na yi da shi. Na faɗa masa ƙusa, da leda, da zanen da ke ƙarƙashin gado. Ya sa na maimaita. Sai ya kira wanda ya zo gidanmu, shi ma na maimaita masa. Dariyar da suka yi har mai gadi ya leƙo, ni kuwa hawaye nake yi. Amma duk da kunyar, abin bai bar ni ba, sai da na tambayi kwamandan yadda aka yi kalma ɗaya ta ɗauki rataya ta ɗauki dakatarwa. Ya share ido ya ce abin da aka rataye ai bai faɗi ba, bai kuma tsaya da ƙafarsa ba, yana jira ne. Haka izinin mijina, ba a kashe shi ba, amma ba ya aiki. Na ce to ashe ban yi nisa da gaskiya ba. Maigida daga benci ya ce in yi wa Allah in yi shiru.

Dattijon ya zaunar da ni ya yi mini bayani da Dendi. In an dakatar da izini, mai shi da kansa zai kai bindiga da harsasai birgad, a rubuta, a ba shi shaidar ya kawo. Ba ya fita da ita, ba ya barin ta a gida, ba ya ba wani ajiya. In wa'adi ya cika ya nemi a ɗage. Aro kuwa tun farko haramun ne a wurinsu, izini na mutum ɗaya ne, ko ɗan'uwa na ciki ɗaya bai shiga ba. Na yi ta tambaya har ya ce da haka na yi a ƙofar gida da yau ba mu haɗu ba.

Maigida ya kwana a can kafin a sake shi. Ba a kai shi kotu ba, albarkacin shaidar jandarman da ya yarda bai kashe moto ba kuma bai nemi tafinta ba. Amma izinin an janye shi gaba ɗaya, bindigar mahaifinsa ba ta dawo ba. Wani ɓangare na shinkafar dorina ta ci. Bai taɓa yi mini gori ba, wannan ne ma ya fi yi mini ciwo. Sai dai wani lokaci nakan ga ya ɗauko kwalbar man bindigar, ya juya ta ya mayar.

'Yan'uwana mata, musamman mu da muka ɗan taɓa lakwal ake dogara da mu a gida, in ma'aikacin hukuma ya tambaye ki kin gane, kada kunyar maƙwabciya ta amsa miki. Ki ce ya kashe moto, ki ce ya maimaita, ki nemi mai jin harshenki. Wanda kuma ke da bindiga, kada ya ara wa kowa, in an dakatar da shi ya tafi da ƙafarsa ya ji me ake so ya yi. Ƙusar tana nan a bangon ɗakinmu. Na so in cire ta, maigida ya hana, ya ce a bar ta, hularsa yake ratayewa.