Sunan da Na Rubuta a Fom

Mu huɗu ne, kuma wallahi har yau idan na tuna yadda ƙatti huɗu suka kasa raɗa wa kansu suna cikin mako uku, sai in ji raina ya sake ɓaci.

Ni nake kaɗa fiyano, ina aiki a wani kamfanin roba a Sharada, inda muke fitar da bokiti da buta. Mawaƙinmu mutumin Jigawa ne, injinsa na kusa da nawa. Mai jita ɗan Filato ne, yana kamfanin alewa a Bompai. Sai babbanmu mai kalangu, dattijo daga Nijar, wanda ya daɗe yana aikin jimar fata a Challawa. Baba muke ce masa. Ranar Lahadi bayan la'asar kaɗai muke haɗuwa, a tsakar gidan da nake haya a Na'ibawa, don sauran ranaku idan wannan yana aikin safe, wancan yana na yamma. Kusan shekara biyu muna kiɗa ba mu taɓa neman suna ba. Wa zai kira mu? Masu sauraronmu maƙwabta ne da awakin mai gida.

Sai ƙungiyar ƙwadago ta shirya taron ranar ma'aikata, aka ce duk masu wasa su cike fom. Wannan ne karo na farko da za mu hau dandamali mu huɗu a gaban jama'a, abin da muka daɗe muna mafarki. Sakataren ƙungiyar ya nuna mini layi na farko da biro, ya ce, "Nan sunan ƙungiyarku. In babu suna, babu hawa."

Lahadi ta farko na kawo maganar. Mawaƙi ya ce Taurarin Sharada. Kowa ya ce madalla. Mai jita ya ce Muryar Salama. Kowa ya ce kai, ya yi daɗi. Baba ya gyara zama ya ce Makaɗan Rufin Asiri. Kowa ya ce ai shi ke nan, babba ya yi magana. Muka watse da suna uku, kowanne an yaba masa.

Washegari ƙorafi ya fara zuwa, kuma duk wurina. Mawaƙi ya matso bakin injina yana ɗaga murya saboda ƙara: "Don Allah ka ji sunan Baba? Kamar rubutun bayan tirela! Na ɗan Filato kuwa, a coci za a zata muke." Da rana mai jita ya bugo waya: "Oga, Taurari fa? Kowane kulob ɗin ƙwallo na unguwa Taurari ne." Na ce to me ya hana ku faɗa jiya? Kowa ya ce haba, a gaban Baba?

Lahadi ta biyu na ce a ɗaga hannu. Kun san abin da bayin Allahn nan suka yi? Kowane suna na kira, sai hannu uku su tashi. Na ce, "Jama'a, layi ɗaya ne a fom ɗin nan!" Mai jita ya ce to a haɗa duka, a ce Sharada, Challawa da Bompai. Mawaƙi ya ce wannan ai kiran kwandasta ne, saura ka ce mutum ɗaya mu tafi. Aka yi dariya, ni ban yi ba. Na juya na ce, "Baba, ku yanke mana." Ya shafa gemu ya ce, "Duk wanda kuka zaɓa, daidai ne."

A garin nan aka haife ni. Na san idan dattijo ya faɗi haka a cikin mutane, ba ya gama magana ba ne. Sai ka bi shi gida, ka zauna a tabarma, ka sha ruwa, sannan ka ji abin da ke ransa. Na sani sarai. Amma daga tashi aiki in nufi Challawa, in kutsa cikin manyan motocin nan, kan suna? Na ce a raina shi ya faɗa da bakinsa, ni na gaji.

Lahadi ta uku aka riƙe mai jita a wurin aiki, ba mu cika ba, ba a yanke komai ba. Ranar Alhamis ake rufe karɓar fom. Da hutun rana na tsaya gaban teburin sakatare, mawaƙi na bayana yana cewa rubuta mana mu wuce. Na ce mu biyu cikin huɗu ai 'yan Sharada ne. Na rubuta Taurarin Sharada, na miƙa. Na gaya wa mai jita ta waya, ya ce ba komai. Baba kuwa ban gaya masa ba, na ce sai mun haɗu.

Ranar taro an kafa rumfuna, ma'aikatan kowane yanki sun zauna wuri ɗaya da rigunansu da hulunansu. Mutanenmu na Sharada sun saba tsokanar 'yan Challawa da warin fata, su kuma su ce mana 'yan buta. Baba yana tsakiyar rumfar mutanensa, ya sha sabuwar shadda, kalangu a kafaɗa. Ashe ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ce su zo su gan shi.

Mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya ce, "Yanzu kuma, Taurarin Sharada!" Rumfarmu ta ɓarke da ihu. Wani sakarai ya miƙe ya toshe hanci yana nuna rumfar Challawa. Ina kan dandamali na ga Baba ya fara tashi, ya dubi mutanensa, ya koma ya zauna. Na yi masa hannu. Na sake yi. Ya sauke kalangun ya ajiye a ƙarƙashin kujera.

Mai gabatarwa ya ce minti goma gare ku. Na danna kiɗan gangar da ke cikin fiyano, muka yi waƙa biyu mu uku. An tafa mana, ban ma ji ba.

Ina sauka na nufe shi. Na durƙusa, amma muryata ba ta durƙusa ba. "Baba, me ya sa kuka yi mana haka?"

"Ba a kira ni ba ai," ya ce. "Mutanen Sharada aka kira."

"Amma ku kuka ce duk wanda muka zaɓa!"

"Na ce." Ya dube ni. "Kwana goma ina shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan la'asar."

Haushinsa nake ji, ina jin haushin mawaƙi da mai jita da kunyarsu ta banza, amma wanda ya riƙe biron ni ne.

Na je Challawa daga baya, har sau uku. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka kawo fura. Na ce za mu canza suna, ya zaɓi duk wanda yake so. Ya ce Allah ya yi albarka, zai duba. Bai sake zuwa Na'ibawa ba. Har yanzu mukan haɗu a wurin ɗaurin aure ko jana'iza, ya riƙe hannuna ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi jikin mahaifiyata. Bai taɓa tambayata kiɗa ba.