Tabon da Ya Gagari Inna Mai Wanki

A can bayan asibitin, kusa da ɗakin girki, akwai wani dogon ɗaki mai ƙananan tagogi inda injinan wanki uku ke ruri tun safe. Nan Inna mai wanki ta yi shekara ashirin da shida. Likitoci sun zo sun tafi, an sake fentin bango sau huɗu, ita tana nan da takalmin robarta da safar hannu har gwiwar hannu. Ba ta taɓa riƙe sirinji ba, amma miƙo mata zanen gado ta gaya maka ɗakin da ya fito. Na ɗakin yara fitsari ne da maganin tari. Na masu karaya garin filasta. Na ɗaki na shida kuwa, inda ake kwantar da mata masu sankarar bakin mahaifa, tun keken kayan wankin bai shigo ba take jin warinsa.

Waɗannan ba ta barin kowa ya taɓa. A ruwan sanyi take fara jiƙa su, don ruwan zafi dafa jini yake yi ya zauna daram. Duk sabuwar ma'aikaciya sai ta sha wannan karatu har kunnenta ya gaji. In kuma zanen gado ya zo tare da rigar matashi da bargo a ƙulle wuri guda, ta san mai gadon ta tafi. Sai ta yi mata addu'a a ranta, ta zuba omo.

Shekara biyar da suka wuce, ƙullin da ya zo na 'yarta ne, ita kaɗai da Allah Ya ba ta. Da yake likitan da ke duba ta ya san Inna, ita ya ja gefe tun farko ya gaya wa sunan cutar, ita kuma ta ce ya bar mata, za ta sanar da mijin. Ba ta sanar ba. Yaya za ta dubi surukinta ta ambaci bakin mahaifa? Sai ta ce masa ƙari ne a ciki. Shi kuma mutum ne mai kunya, daga bakin ƙofar ɗakin matan yake tsayawa ya miƙa leda ya juya. Haka aka yi jinya, haka aka yi zaman makoki, kowa na cewa ciwon ciki.

Marigayiyar ta bar yarinya ɗaya a hannun ubanta, wadda Inna ke kira Rediyo saboda bakinta ba ya mutuwa. Yanzu shekararta goma sha ɗaya. Wata Alhamis ta biyo gidan Inna daga makaranta da takarda a ninke cikin littafi.

"Inna, ran Litinin za a yi mana allura, amma ban da ni. Baba ya ce ba zai sa hannu ba."

"Allurar me?"

"Ta rigakafin sankarar bakin mahaifa. Wai ya ce ta 'yan iska ce. Inna, 'yan ajinmu da aka sa wa hannu 'yan iska ne?"

Inna ta ajiye tsintsiyar hannunta. Ta san allurar sarai. Sistar ɗaki na shida ta sha yi mata bayani a kan benci lokacin hutu: wata ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta hanyar kwanciya, yawancin manya sun taɓa ɗaukarta ba su ma sani ba, miji kan kai wa mata, mata kan kai wa miji, a jikin wasu ta wuce, a jikin wasu ta zauna shekaru ta zama sankara. Allurar kuwa tun yarinya tana ƙarama ake so a yi, kafin ta haɗu da ƙwayar.

Washegari ta nemi izinin awa ɗaya ta tafi makarantar, ta ce a ba ta ta dangwala yatsa. Shugabar ta ba ta kujera, ta ba ta haƙuri, ta ce sai uba ko wanda ke riƙon yarinya. Inna ta fito tana huci. Ita da ta wanke wa yarinyar nan kashi, ita da ta wanke jinin uwarta, yau yatsanta bai isa ba. Amma da ta hau mota ta zauna, ta ga ba shugabar take jin haushi ba, ba ma surukin kaɗai ba. Kanta take jin haushi.

A ƙasan akwatinta akwai wani zane shuɗi mai furanni ruwan ɗorawa. Shi 'yarta ta ɗaura ranar da aka kwantar da ita. A ruɗewar wannan rana, Inna da ke koya wa kowa ruwan sanyi, ita ce ta tsoma shi a ruwan zafi. Ta yi sabulu, ta yi bilic, ta shanya a rana ya fi sau goma, tabon jinin ya ƙi fita.

Ranar Asabar da hantsi ta sa shi a jaka ta nufi shagon surukin, inda yake sayar da littattafai da kayan rubutu. Ya miƙe da sauri ya jawo mata kujera.

"Inna, da kin aiko ai da na zo."

Ba ta zauna ba. Ta ɗora takardar a kan kantar shagon. "Shago cike da biro, an rasa guda ɗaya da zai yi wannan aiki?"

Ya dubi mutum biyun da ke zaɓen littafi, ya rage murya. "Inna, ki yi haƙuri, wannan magana ba ta dace da ni da ke ba. Na bincika yadda ake ɗaukar cutar. Ni na san tarbiyyar da na ba 'yata. In na sa hannu kamar na buɗe mata ƙofa ne. Cutar matan banza ba za ta shigo gidana ba."

Inna ta buɗe jaka, ta warware zanen, ta shimfiɗa shi a kan littattafan aji uku, tabon yana sama.

"Ka gane shi?"

Ya gane. Shi ya saya wa matarsa da ta haifi yarinyar.

"Cutar ta riga ta shigo gidanka, Baban Rediyo. Ba ƙari ba ne, ba ciwon ciki ba ne. Sankarar bakin mahaifa ce ta kashe matarka. Shekara tara kuna tare. Yanzu ka dube ni ka gaya mini, matar banza ce?"

Masu sayen littafin suka sulale waje. Surukin ya dafa kantar shagon da hannu biyu.

"Ban ce kai ne ba," in ji ta. "Ba wanda ya san ta ina ta zo, kuma ban zo shari'a ba. Ɗakin nan na shida malamai ne a ciki, da 'yan kasuwa, da iyayen mutane masu jikoki. Ni nake wanke musu shimfiɗa, na san su waye. Yarinyar nan wata rana za ta yi aure. Kai za ka binciko mata jinin mijin? Na wanke na uwarta, wallahi ba zan wanke nata ba."

Ya dubi furannin zanen. Sannan ya ce, "Shekara biyar, Inna. Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kunyarka na ji," ta ce. "Ga inda ta kawo mu."

Ya zaro biro daga cikin sabon kwali, ya sa hannu. Sannan ya ninke zanen a hankali ya riƙe a ƙirji, ita kuma ba ta ce ya ba ta ba.

Ran Litinin Inna ta sake neman izinin awa ɗaya, ta tsaya a bakin ƙofar makaranta. Rediyo ta fito tana riƙe da damtse, tana ba da labarin wadda ta yi kuka da wadda ta ɓuya a bayan allo. Suna tafe cikin mutane sai Rediyo ta ja hannun Inna.

"Inna, Baba ya ce in tambaye ki. Wai me ya kashe Mama?"

Ga masu jiran mota, ga iyaye maza tsaye da babura. Inna ta dube su, ba ta rage murya ba.

"Sankarar bakin mahaifa," ta ce. "Maimaita in ji."