Matar Ɗan Biɗa

A garinmu, can bayan Tamaske, ba a cewa namiji ya yi tafiya. Cewa ake ya tafi biɗa. Na tashi ina jin kalmar nan kullum kamar ƙarar turmi, ban taɓa tsayawa na dube ta ba sai da ta shigo gidanmu ta zauna.

A bakin kakata biɗa ba ta wuce nema ba. Akuya ta ɓace, a tafi biɗarta. Rijiya ta ƙafe, mata su ɗauki tuluna su tafi biɗar ruwa. Saurayi ya fara zarya ƙofar gida, a ce yana biɗar wance. Ta ce a shekarun yunwa na zamaninsu maza kan kora jakuna su yi kudu biɗar hatsi, su dawo da taiki cike ko wofi, amma dai su dawo. Kakana da ƙafarsa ya je Kurmi, ya komo da goro da ciwon gwiwa da labarin da ya ishe shi ba da shi har ya mutu.

Zamanin babanmu sai biɗa ta hau mota. Da an ɗaure hatsi an zuba rumbu, kamyo, babbar motar kaya, zai tsaya bakin kasuwa, maza su cika shi, sai Abijan, sai Legas. Gari ya koma na mata da tsofaffi da awaki. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas kuma sai ga su da rediyo da tabarau, suna yi mana Faransancin tasha, ka rantse ba a nan aka yanke musu cibiya ba. A lakwal, makarantar boko, malaminmu da muke kira mushe ya koya mana cewa da Faransanci sunan abin egzod. Na kawo wa Inna, mahaifiyarmu, kalmar, ta ce mushe ya riƙe kayansa. Ita abin da ta sani, mai biɗa in ya samu yakan kawo gida, in bai samu ba yakan kawo kansa.

Muna da wasu kalmomin, kuma ba a haɗa su. Ƙaura ta wanda ya kwashi mata da tukwane ce, an san ba zai komo ba, a ba wani gonarsa. Dandi ta wanda ya je ya mance gida ce, wannan zagi ne, an sha fasa kai a kansa. Ɗan biɗa kaɗai ake ajiye wa ɗakinsa da gonarsa da matarsa, ko zai shekara nawa.

Yayana shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce yaron nan. Bayan rasuwar babanmu ya auro wata yarinya daga wajen Karofane, mai wushirya, mai dariyar da ake ji daga rijiya. Ni ƙanwar miji ce, sai na sa ta gaba da wasa. Ina kiran ta matata, ina cewa hurarta ta yi tsami, tana bi na da muciya. Damina ɗaya suka yi tare. Da aka yi girbi ya ɗaura jaka, amma lokacin maza sun juya wa kudu baya, kowa Libiya yake faɗa. Ya kira daga Agadas ta salular makwabcinmu, ya ce gobe za su shiga sahara, a yi masa addu'a. Muryarsa ta ƙarshe ke nan da wani ya ji a garinmu.

Matar ɗan biɗa a hannun uwar miji take zama, haka muka tarar. Wasu gidajen wuta ne, namu kuwa Allah ya haɗa jininsu. Tare suke zuwa fadama dashen albasa, tare suke ci a ƙwarya ɗaya, Inna ce ma ke yi mata kitso. Amarya take kiran ta, har gari ya ɗauka.

Akwai ranar da matan 'yan biɗa ke tsoro, ranar saƙo. Idan masu komowa suka sauka, kowa na ɗauke da ƙullin waɗanda suka ƙara shekara a can: turmin atamfa, sabulu, takalmin roba. Yara na yawo da su gida gida, ana guɗa. Gidan da aka tsallake kowa ya gani. Shekarar farko aka tsallake mu, aka ce hanya ce ba ta da kyau. Ta biyu ma yara suka wuce ƙofarmu, amarya ta shiga ɗaki ta ja labule, ranar ko ruwa ban ga ta sha ba. Kwana kaɗan bayan nan sai ga wani ɗan ƙanen babanmu, direba, da ƙulli. Ya ce wani ne ya ba wani a Agadas, wanin ya ba shi, daga yayana. Atamfa ce da sabulu. Inna ta rangaɗa guɗa, ni na yi rawa har ɗankwalina ya faɗi. Amarya ta karɓa da hannu biyu, ta ce Allah ya saka.

Haka saƙon ya riƙa zuwa duk shekara, zane da sabulu, babu murya, babu hoto. Na yi aure na tare a Keita, na haihu, na sake haihuwa. Sa'o'in amarya duk sun yi goyo sun yaye, ita tana nan tana sharar ɗakin mutumin da ta zauna da shi damina ɗaya. Dariyar nan ta ragu. In na zo na ce matata, sai ta yi murmushi kawai, muciyar ma ta daina ɗauka.

Mahaifinta, dattijo mai kunya, ya tako daga Karofane ya sami liman. Ya ce ba rigima ya kawo ba, amma ɗiyarsa na tsufa a ɗakin da ba namiji, a duba masa. Liman ya ce shi ma abin na damunsa, sai dai mijin da ke aiko da sutura yana raye, kuma yana riƙe da aurensa, ba a raba irin wannan da ka. Tsohon ya sa takalminsa ya koma. Zuwansa ba ɗaya ba ne ba biyu ba, amsar ba ta sauya ba.

Ni kuwa a kasuwar Tamaske na gano. Na zo sayen kayan miya, sai na hangi Inna a rumfar masu atamfa. Ta sai da albasarta, tana ta juya zannuwa tana ɗaga su ga rana. Ta zaɓi wani shuɗi mai zanen ganye, na ce a raina yau tsohuwa ta tuna da kanta. Sai na ga ta zagaya bayan tasha ta miƙa wa direban nan, ya cusa ƙarƙashin kujera.

Na tare ta a hanya, ban ko gaishe ta ba. Na ce ashe ita ce Libiyar. Na ce ta ɗaure ɗiyar mutane da zane kamar akuya a turke, ta ji tsoron Allah. Ni dama bakina ba ya da linzami, kuma har yau ban ga ƙarya a abin da na faɗa ba. Ba ta yi musu ba. Ta ce da farko don yarinyar ta ci abinci ta yi shi, ba ta iya ganin labulen nan a ja. Daga baya kuma abin ya fi ƙarfinta.

"In tana ɗakin, yaron nan biɗa ya tahi," in ji ta. "In ta hita, mi zan ce ya yi?"

Haushinta nake ji, tausayinta kuma ya cika mini ciki, na zauna bakin hanya na yi ta kuka kamar yarinya, ita ce ma ke ba ni haƙuri. Na ce ba zan tona ta ba, ba bakina ya kamata ya faɗa ba, amma ba zan sake rawa a kan ƙullin nan ba. Shuɗin zanen ya iso gida bayan kwanaki, aka yi guɗa, ina Keita ban zo ba.

Abin da faɗana bai yi ba, kitso ya yi shi. Na zo ganin gida wata rana da hantsi, na tarar da su a inuwar rumbu, amarya ta ɗora kai a cinyar Inna ana tsaga. Muna hira sai na ga hannun Inna ya tsaya. Ta sunkuya tana kallon wani abu a tsagar, ta ɗan ja shi da yatsa. Furfura ce, ba ɗaya ba. Yarinyar da aka kawo mata ko ɗaurin ɗankwali ba ta gama iyawa ba. Amarya ta tambaya ko kwarkwata ce, Inna ta ce a'a, ta ƙarasa kitson.

Washegari Inna ta ce in raka ta zauren liman. Akwai dattawa zaune, ta durƙusa daga bakin ƙofa, matar da ba ta taɓa ɗaga murya gaban maza ba.

"Malam, yaron nan bai taɓa aiko ko allura ba. Ni ce. Albasata ce. A aika wa uban amarya."

Liman ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha, sannan ya ce za a kai maganar gaban alƙali, kuma hanya biyu ce: ko a ɗauke shi a matsayin mamaci matar ta yi takaba, ko a raba auren saboda rashin miji ta yi idda. Inna ta ce a raba, ta yafe, amma ta roƙe su don Allah kada a sa yarinyar takaba a gidanta. Ta ce ita ba ta ce ya mutu ba. Aka yi mata yadda ta so.

Labari ya gama gari kafin azahar. Wasu suka ce tsohuwa ta yi zalunci, wasu suka ce uwa ce. Direban ya daina biyowa ta unguwarmu. Amarya kuwa ta yi iddarta a nan, tana daka, tana ɗebo ruwa, suna ci a ƙwarya ɗaya kamar da.

Ranar tafiya ƙanenta ya zo da amalanken jaki. Aka ɗora tukwanenta da tabarma da akwati. Na shiga ɗakin in duba ko an mance wani abu, sai na ga zannuwan saƙon nan duka a kan gado, a wanke, a ninke, ɗaya bisa ɗaya. Na kira Inna. Ta kwashe su a ƙirji ta fito, ta ce amarya ta yi mantuwa.

Amarya ta durƙusa, idonta a ƙasa. Ta ce ba mantuwa ba ce, kayan gidan miji ne, ba ta da sauran hakki a kansu. Sannan ta ƙara da murya ƙasa ƙasa cewa tun zane na farko ta sani, don ta taɓa taya shi a rumfar Tamaske, Inna na tsaye kusa da ita. Ta yi shiru ne saboda ta ga tsohuwa na samun barci.

Inna ta dubi kayan da ke hannunta. Sannan ta taka da kanta ta ɗora su bisa amalanken, ta danne da akwati don kada su zame.

"Tahi da su, ɗiyata. Kin ji da kunnenki, ba mijinki ya ba ki ba. Uwarki ta ba ki."

Ƙanen amarya ya kaɗa jaki. Inna ta bi su a ƙafa har bayan gari, hannunta ɗaya riƙe da katakon amalanken, sai da na je na ɓamɓare yatsunta.