Notin Ƙafar Zabuwa

A bakin tasha, inda motoci ke shan kwana su shiga, akwai wata rumfar kwano da tsofaffin tayoyi a gabanta. Nan Mai Faci ya tsufa. Aikinsa ba a kushe shi, sai dai bai yarda da kowa ba. In direba ya ce ƙusa ya taka, sai ya ce, "Kai ka ce ƙusa," ya tsoma tayar a ruwa ya jira kumfa. In ya gama ɗaure noti, sai ya sake bin sa da sifana, kamar wani ya kwance a bayan idonsa.

Autarsa ana ce mata Zabuwa saboda surutu. Tana ƙarama ta yi ciwon ƙashi, ƙafar hagu ta daina girma daidai da ta dama. Ya yi ta liƙa mata guntun taya a ƙasan takalmi, har takalmin ya yi mata nauyin ɗagawa. Daga baya likita ya ce akwai aikin da ake yi: a yanke ƙashin, a kafa zobban ƙarfe a ƙafar, kullum a riƙa juya notinan da ke jiki kaɗan-kaɗan, ƙashin na buɗewa, sabo na tsirowa a tsakani. Amma ya ja musu kunne cewa in aka yi sake da juyin, ƙashin zai haɗe tun bai kai tsawon ba, sai an koma tiyata an sake yanke shi.

Aka yi aikin, aka dawo gida. Juyin safe da na yamma Mai Faci ke yi, na rana ya bar wa uwar yarinyar don yana tasha. Yayarsa ma ta zo taya jinya, ko da yake tun farko ba ta so aikin ba. Cewa take, "Yarinya ce fa, ba ƙafar mota ba."

Da suka koma asibiti, likita ya ɗaga hoton ƙashin, ya daɗe yana kallo.

"Baba, bai buɗe yadda ya kamata ba. Kuna juyawa kuwa?"

"Da hannuna."

"To wani abu na faruwa a gidan. In ya ci gaba a haka, sai mun sake yankewa."

Tun a hanya Mai Faci ya fara lissafa mutanen gidansa. Ya fara da mai ƙafar.

"Zabuwa, in zafi ya ishe ki, kina taɓa ƙarfen nan?"

"Haba Baba! Ni ko kallonsa ba na son yi. Tambayi Gwaggo, rufe ido nake."

Gwaggon ce dai ta tsaya masa a rai. Ita ke zama da yarinyar in tana kuka, ita ke shafa mata mai a yatsu tana tsine wa ƙarfe. Washegari da ya gama juyin safe, ya ɗiga farin fenti a kan kowane noti, yadda yake yi wa tayar babbar mota. Da yamma ya durƙusa ya duba. Ɗigon ya koma baya.

Ya same ta a tsakar gida tana wanke kwanoni.

"Yaya, in tausayi ne, ki faɗa mini. Tausayin nan zai mai da ita ƙarƙashin wuƙa."

Ta ajiye kwanon. "Ni kake tuhuma? Ni da na goya ka, majina har wuya?"

"Ban ce ke ce ba."

"Idonka ya ce. Gobe zan tafi gidana, ka zauna da fentinka."

Bai ba ta haƙuri ba, don bai gama yarda ba. Kashegari da rana tsaka ya rufe rumfa, ya dawo gida ba sallama, ya laɓe a bayan labulen ɗakin. Yaya na gefe tana ɗaure kayanta. Uwar Zabuwa ta shigo da sifana, ta yi bisimilla, ta kama noti, ta juya shi baya a hankali.

Ya banko labulen. "Ashe ke ce!"

Matar ta dafe ƙirji. "Ni ce me, Malam? Ka tsorata ni!"

"Kwancewa kike!"

"Wane irin kwancewa? Wajen taga ka ce mini. Na ce ban gane dama da hagun noti ba, ka ce kullum in tura sifana wajen taga. Ga taga, ga hannuna."

Mai Faci ya dubi taga, ya dubi gado. Ranar da ya koya mata, tagar na hagun yarinyar. Yanzu tana damanta.

Yaya ta ce, "To wa ya juya gadon nan?"

Zabuwa ta yi caraf: "Baba ne! Ya ce ƙafata ta kalli ƙofa, don kada wani ya taɓa bai gani ba."

Mai Faci ya cire hula, ya sake mayarwa. A ranar suka ɗauki yarinyar zuwa asibiti. Likita ya sake ɗaukar hoto, ya ce ƙashin ya fara kauri amma bai rufe ba. Ba sai an yanke ba, sai dai za a ƙara yawan juyin na ɗan lokaci, kuma zafin zai fi na da.

Da yamma Yaya ta kwance kayanta ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Ta zauna a bakin gado, ta rungume kan Zabuwa, yarinyar ta runtse ido. Mai Faci ya durƙusa da sifana.

"Matsa gefe," in ji Yaya. "Ka kare mini. Ina so in ga inda kake juyawa da idona."

Ya matsa.